Tambaya da Amsa: Dokar Gwamnati Tana Raba Mutum da Sigari?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan taba sigari suke. Ba cutarta ake tambaya ba, wannan kowa ya ji. Abin da masu karatu ke son sani shi ne ko dokokin da gwamnati ke kafawa suna sauya wani abu a bakin tebur da majalisa. Ma'aikatan lafiya da masu nazarin haraji da ke kula da wannan fili ne suka haɗu suka amsa. Wasu wasiƙun mun rage musu tsawo.

Assalamu alaikum. Shekarata 19 ina shan sigari. Bayan kowane ɗan lokaci sai mu ji an ƙara wa taba haraji wai don mu daina, amma a majalisarmu ko mutum ɗaya bai daina ba. Anya ba kuɗi gwamnati ke nema ba ta fake da lafiyarmu?
*Wani tela, Fagge, Kano*

Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗi kam gwamnati na nema, ba za mu yi maka musu ba. Sai dai a duk dabarun da aka gwada a duniya don rage shan taba, babu wadda ta kama ƙafar tsada. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, sha yakan ragu da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kusan kashi 5 a ƙasashe irin namu. Wato mai teburin da yake sayar da kara 100 zai koma sayar da 95. Kusan rabin wannan ragi daga waɗanda suka daina ne ko waɗanda suka fasa farawa, sauran rabin kuma daga masu rage yawan karan da suke sha.

Dalilin da ya sa ba ka ganin haka a majalisarku shi ne, ku ne na ƙarshen da tsada ke girgizawa. Mutumin da ya shekara 19 yana busawa, sabo ya riga ya zama masa turke. Zai rage cefane kafin ya rage sigari. Wanda tsada ke kora shi ne yaron da ke koyon ɗinki a shagonka, wanda abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin kashewa ba. Shi kuwa wanda bai fara ba, ba zai zo majalisa ya sanar da ku cewa bai fara ba.

Ƙasar Brazil ce misalin da aka fi yin bincike a kai. A 1989 kusan kashi 35 cikin 100 na manyanta suna shan taba. Zuwa 2008 sun koma ƙasa da kashi 19. Da masana suka rarraba wannan raguwa a kan matakan da aka ɗauka, sai kusan rabi ya faɗa kan ƙarin farashi. Hana sha a wuraren jama'a ya ɗauki kashi 14, hana talla kashi 14, taimakon masu son dainawa kashi 10, gargaɗin jikin kwali kashi 8, wayar da kai a rediyo da talabijin kashi 6. Ka lura da na ƙarshen nan, domin shi ne wanda hukumomi suka fi son yi, da taro da riguna da huluna.

To me ya sa a Najeriya kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba? Harajin taba kala biyu ne. Akwai na kaso, wanda ake ɗauka bisa ƙimar kayan, akwai kuma na ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kara. Kafin 2018 na kaso kaɗai muke da shi, kashi 20, kuma a kan ƙimar kayan a bakin masana'anta ake lissafa shi, ba a kan abin da kake biya a tebur ba. Tunda kamfani ne ke faɗin wannan ƙima, harajin yakan fito ɗan kaɗan. A watan Yunin 2018 aka ƙara na kara: naira 1, sai naira 2 a 2019, sai naira 2 da kwabo 90 a 2020, wato naira 58 a kwali mai kara 20. A 2022 ya koma naira 4 da kwabo 20. Ita kuwa ƙungiyar ECOWAS tun 2017 ta ce mafi ƙanƙanta shi ne kaso 50 tare da santi 2 na dalar Amurka a kowane kara. A 2022 dala tana wajen naira 420 a farashin gwamnati, ka ga santi 2 ya haura naira 8. Namu a lokacin rabi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa take haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin da mai sha ke biya, mu ko kusa ba mu je ba.

Sannan ga hauhawar farashi. A 2024 ta haura kashi 30 cikin 100. Harajin da aka ƙayyade da naira, in ba a ɗaga shi duk shekara fiye da yadda kaya ke tashi ba, narkewa yake yi. Idan kwanon shinkafa ya ninka biyu, sigari kuma ya tashi da rabi, to a idon aljihu sigari araha ya yi. Akwai kuma wata ƙofa: in an ƙara haraji, kamfani yakan shanye wani ɓangare a kan taba mai araha, ya ɗora a kan mai tsada, sai mai sha ya sauko daga wannan kwali zuwa wancan maimakon ya daina. Maganin wannan shi ne haraji ɗaya a kan kowane kara ko wane iri ne, don tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha ta tsuke.

Ni mai tebur ne, ina sayar da alewa da ashana da sigari. An ce mini doka ta hana sayar da kara-kara. Gaskiya ne? In haka ne, talakan da ba shi da kuɗin kwali fa?
*Mai tebur, Sabon Gari, Zariya*

Gaskiya ne, ɗan'uwa. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta ce sigari sai a kwali cikakke mai kara 20, ba a fasa shi. Taba wadda ba a kunnawa, irin ta shaƙa ko ta sawa a baki, sai a ƙunshin da bai gaza giram 30 ba. Dokar ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa shi ya sayar. Saboda haka yaron da aka aiko da kuɗi a hannu yana cewa “Baba ya ce a ba shi biyu”, da ƙaninka da kake bar wa tebur in za ka tafi salla, duk dokar ta shafe su.

Talakan da kake tausayi, shi kara-kara ya fi cuta. Ka fi mu sanin lissafin: in ka fasa kwali ka sayar ɗai-ɗai, abin da ke shigowa ya fi na kwalin a rufe, shi ya sa ake fasawa. Mai shan kara 10 a rana yana shan 3,650 a shekara, kwali 182 da rabi, kuma duk a farashin da ya fi tsada ya saya, bai taɓa jin nauyin ba saboda da canji yake biya. Nan ne kara-kara ke karya haraji. An ƙara naira 40 a kwali, mai saye ɗai-ɗai ya ga naira 2, abin da ko canjinsa babu. Kuma hoton gargaɗin yana can cikin gwangwaninka, shi kara tsirara aka miƙa masa.

Ba za mu ɓoye ba, akwai mashayan da ke sayen ɗai-ɗai da gangan don kada kwali ya kwana a aljihunsu su shanye. Wannan yana faruwa. Amma ka auna shi da ɗan shekara 14 da zai iya gwada karansa na farko da kuɗin alewa, da kuma wanda ya yi mako uku da dainawa ya tsaya sayen ashana ya ce “ba ni ɗaya kawai”.

Maganar ko ana aiki da dokar, kai shaida ne. Babu hukumar da za ta iya tsaron kowane tebur da kowane mai shayi. Inda irin wannan doka ta yi aiki, lasisi ake ba masu sayarwa, yawansu ya ragu, a riƙa aiko mai saye a ɓoye lokaci-lokaci, wanda aka kama sau biyu ko uku a karɓe lasisinsa, sannan a matsa wa dilan da ke kawo masa kaya. Kamen rana ɗaya da ’yan jarida a baya, washegari kowa ya buɗe gwangwaninsa.

Hotunan nan masu ban tsoro da ake sawa a jikin kwali, akwai wanda suka taɓa hanawa? Yayana ko kallonsu ba ya yi.
*Ɗaliba, Katsina*

Yana kallo, ’yar’uwa, sau goma ko ashirin a rana. In kin ga mutum ya juya kwali ya kifa shi, ko ya juye karan cikin wani gwangwani, hoton ya taɓa shi ke nan. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna masu kauce wa hoton ba su fi sauran ƙin dainawa ba, sau da yawa ma su ne ke yunƙurin dainawa daga baya.

Kanada ce ta fara sa hoto a farkon shekarun 2000, ƙasar Moris (Mauritius) da ke Afirka ta sa a 2009, Najeriya kuwa sai a watan Yunin 2021, da rabin fuskar kwali. Amfaninsa a wajenmu ya fi na Turai ta fuska ɗaya: gargaɗin da aka rubuta da Turanci ba ya isa ga wanda bai yi boko ba, hoto kuwa ba ya bukatar tafinta. Rauninsa shi ne ido yana sabawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu hoton ya zama kamar fentin bango, dole a riƙa sauya shi.

Ostireliya ta wuce nan. Daga Disambar 2012 ta cire wa kwali launi da tambari gaba ɗaya, kowane kamfani kwalinsa launi ɗaya mai kama da ruwan kwata, sunan taba da ƙananan haruffa. Da gwamnatin ta yi bitar abin, ta ƙiyasta cewa cikin kusan shekara uku wannan mataki ya rage masu sha da ɗan abin da ya haura rabin kashi ɗaya cikin 100, wato kusan rubu'in duk raguwar da aka samu a lokacin. Ba abin a buga ganga ba ne, amma gwamnati ba ta kashe ko sisi wajen bugawa, kamfani ne ke biya. Abin da hoton bai kai gare shi ba a nan shi ne asara da tabar gari da ake ƙullawa a leda a kasuwar ƙauye.

Ina da gidan abinci mai tebur 12. Na ware kusurwa ɗaya ga masu shan sigari na sa musu fanka. Ma'aikaciyata tana ƙorafin tari. Me doka ta ce, kuma in na hana ba zan rasa masu ciniki ba?
*Wata Hajiya, Kaduna*

Hajiya, fankar nan raba hayaƙin take yi wa kowa daidai. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna haddasa ciwon daji, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna yawo a iska na sa'o'i, suna maƙalewa a labule da kujera. Na'urar sanyaya ɗaki ma juya iskar take yi. Tana iya rage wari, gubar tana nan. Mai cin abinci minti 30 yake yi ya tafi, yarinyarki kuwa a ciki take wuni.

Dokar 2015 ta hana shan taba a cikin wuraren jama'a da wuraren aiki da motocin haya, kuma wanda ya sha a inda aka hana yana fuskantar tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Amma ta bar ƙofa a wasu wurare ta keɓe wa mashaya wajensu, kuma a ganinmu wannan shi ne babban gurbin da ke cikinta. Sifaniya ta gwada irin wannan rabi-da-rabi a 2006, ta bar ƙananan gidajen giya da gidajen abinci su zaɓa. Mafi yawansu suka zaɓi a ci gaba da sha, sai da ta dawo a 2011 ta hana gaba ɗaya. Ailan ce ƙasar farko da ta hana a duk wuraren aiki, ranar 29 ga Maris 2004, kuma awon da aka yi a gidajen giya na birnin Dublin ya nuna ƙwayoyin hayaƙi a iska sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A Sikotilan, wadda ta hana a 2006, masu kwanciya asibiti da bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin watanni goma, kuma kashi biyu cikin uku na wannan ragi a cikin waɗanda ba sa shan taba ne.

Ga mashayin kansa, dokar tana yanke igiyar da ta ɗaure sigari da abinci ko shayi. Wanda dole sai ya tashi ya fita rana kafin ya kunna, yakan bar wasu karan. An ƙiyasta cewa ma'aikatan da aka hana sha a wurin aikinsu suna rage kusan kara 3 a rana, wasu kuma su daina.

Batun ciniki, binciken da ba kamfanonin taba suka ɗauki nauyinsa ba bai nuna gidajen abinci suna karyewa ba. A Kaduna ma lissafin yana gefenki: binciken ƙasa na 2012 ya samu kusan kashi 4 cikin 100 na manyan Najeriya ne ke shan taba mai hayaƙi, maza wajen kashi 7, mata ƙasa da kashi 1. Mutum 4 kike ɓata wa 96 rai dominsu.

Ga yadda za ki yi. Ki sa rana, ki liƙa sanarwa mako biyu kafin nan, da Hausa da Turanci da hoton sigari da aka ja wa layi. Ranar ta zo ki kwashe duk abin kaɗe toka, domin ganinsa a tebur izini ne. Ki aje benci a waje, nesa da ƙofa da taga da wajen girki. Ki koya wa yaranki magana ɗaya mai ladabi, kamar “Yallaɓai, a yi haƙuri, ga wuri can a waje”, kuma in mutum ya yi gardama ke za ki fito, ba yarinya ba. Inda abin ke lalacewa shi ne ranar da babban mai ciniki ko ɗan'uwan maigida ya kunna aka yi shiru. Daga ranar dokarki ta mutu.

Tunda an tabbatar tana kisa, me ya hana gwamnati ta haramta ta kwata-kwata a huta?
*Malamin makaranta, Sakkwato*

Allah ya gafarta Malam, an gwada. Ƙasar Butan ta hana sayar da taba tun 2004. Sha bai ƙare ba, ’yan sumoga suka riƙa shigo da ita daga Indiya, har gwamnati ta janye haramcin a lokacin annobar korona. Afirka ta Kudu ta hana sayarwa daga 27 ga Maris zuwa 17 ga Agustan 2020. Masu bincike na Jami'ar Cape Town sun samu cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su daina ba sun ci gaba da samun sigari, a farashin da ya ninka fiye da sau biyu. Gwamnati ta rasa haraji, da yawa daga waɗanda suka daina suka koma da aka buɗe, kuma bayan nan tabar bayan fage ta cinye fiye da rabin kasuwar ƙasar. An gudu ba a tsira ba.

Wata dabarar ita ce a rufe ƙofa ga masu tasowa kawai. New Zealand ta yi doka a 2022 cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 ba za a taɓa sayar masa da taba ba har abada, amma sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 kafin ta fara aiki. Irin wannan kuma tana bukatar ƙasar da mai tebur zai iya tantance shekarar haihuwa. Hukuncin taba a addini kuwa, wannan fagenku ne, ba namu ba.

In Najeriya ta tsauwala haraji, ai ta nan za a riƙa shigar da ita ta daji. Ba ’yan fasa-ƙwauri za a azurta ba?
*Ɗan kasuwa, Maraɗi*

Alhaji, wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ko Ƙonni zuwa Illela ba zai raina wannan tambaya ba, kuma an daɗe da sanin sigari na sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome ya ratsa Nijar zuwa Libiya, wani ya ɓalle a hanya. Amma wannan ita ce hujjar da kamfanonin taba ke fara ɗagawa duk lokacin da aka zo maganar haraji, don haka a duba ta da kyau.

Kanada ta saurari wannan hujja ta rage harajinta sosai a 1994. Kuɗin shiga ya faɗi, raguwar shan taba ta yi tsaiko a lardunan da suka rage. A 2008 manyan kamfanonin taba biyu na ƙasar suka amsa laifin taimaka wa fasa-ƙwaurin, aka ɗora musu sama da dalar Kanada biliyan 1. Birtaniya kuwa ta bi ɗaya hanyar: a shekarar 2000 kusan kara ɗaya cikin biyar na bayan fage ne, ta ƙara ma'aikatan kwastam da na'urorin duba kwantena tana kuma ƙara haraji, cikin shekara goma adadin ya ragu da kusan rabi.

Abin da ke ciyar da fasa-ƙwauri shi ne iyaka mai ɓula da hannun da ke karɓa, fiye da tsadar kanta. Gyaran kuwa sananne ne: hatimin haraji mai lamba a kan kowane kwali wanda jami'i zai duba da waya ya san inda aka yi shi da inda aka nufa da shi, kamar yadda Kenya ta yi, kuma kada kamfanin taba ya zama shi ke riƙe da na'urar. Sai maƙwabta su daidaita harajinsu, wanda shi ne manufar ƙa'idar ECOWAS, don kada a sami ribar tsallaka iyaka.

Ɗana ya ce shisha ba taba ba ce, ruwa yana tace ta, kuma doka ba ta hana ba.
*Uwa, Jos*

Mama, taba ce aka kwaɓa da zuma ko madi da ƙamshin ’ya’yan itace, kuma dokar taba ta shafe ta. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake iya zuƙarsa har ƙasan huhu ba tari. A zama ɗaya na awa guda mutum na iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga gawayin da ke samanta, wanda ke fitar da irin iskar nan mai guba da ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Ciwon kai da jirin da ake ji bayan sha daga nan suke. Ruwanda da Kenya sun haramta ta a Disambar 2017, Mali ta bi sahu a 2022. Inda aka yi haka, shagunan fili suna rufewa, tukunyar takan koma ɗakunan samari, don haka idon gida ya fi na hukuma kaiwa gare ta.

Maigidana yana shan kusan kwali ɗaya a rana. Sau uku yana dainawa yana komawa. Duk dokokin nan takura ce, wace ce za ta taimake shi?
*Matar aure, Gombe*

Kin taɓo inda aka fi yin sakaci, ’yar’uwa. Yarjejeniyar duniya kan taba, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005 kuma Najeriya da Nijar suka amince da ita a shekarar, ta ɗora wa gwamnatoci taimaka wa masu son dainawa. Tsada da hani suna sa mutum ya yi niyya, amma cikin masu dainawa da ƙarfin zuciya kawai, 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke kai shekara. Komawarsa sau uku ba rashin zuciya ba ne, haka abin yake ga yawancin mutane.

Nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa sabo, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, kuma rabinsa yana barin jini cikin kusan awa biyu, shi ya sa mai sha yake neman wani karan. In ya daina, rana ta biyu da ta uku su ne mafi zafi: faɗa ba dalili, rashin barci, yunwa, kasa tattara hankali. Yawanci yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kowace sha'awa in ta taso ba ta cika wuce ’yan mintuna ba; ruwa, asuwaki, ko tashi a taka, suna isa a tsallake ta.

Ya sa rana cikin mako biyu masu zuwa, ya gaya wa abokan majalisa. Daren ranar a fitar da sigari da ashana da leta daga aljihu da mota da ƙarƙashin katifa, a wanke kayan da ke warin hayaƙi. Magungunan maye gurbin nikotin suna ƙara damar nasara da kusan rabi ko fiye. Ga mai shan sama da kara 10 a rana, filastar nikotin mai miligiram 21 ake farawa da ita, ɗaya kowace safiya a busasshiyar fata marar gashi, a dantse ko ƙirji, ana sauya wuri kullum don kada fata ta yi ja: mako 6 a kan 21, mako 2 a kan 14, mako 2 a kan 7. In tana kawo mafarkai masu yawa, a cire ta kafin kwanciya. Akwai kuma cingam ɗin nikotin, miligiram 4 ga wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, miligiram 2 ga wanda ke jinkirtawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tauna shi kamar cingam ɗin yara, sai shaƙuwa da tashin zuciya su biyo, a ce magani bai karɓe shi ba. Ana taunawa ne kaɗan har a ji yaji-yaji, a aje shi a kumatu, in yajin ya tafi a sake, har minti 30. Kada ya sha lemo ko kofi minti 15 kafin nan, suna hana shi shiga jiki. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai aiki. Akwai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, amma sai likita ya rubuta, kuma na biyun ba a ba mai farfaɗiya. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, shi ma ya fara ganin likita. Ba kowane kantin magani ke da waɗannan ba, sai manyan na birni, kuma da tsada. Ki lissafa kuɗin kwali 30 na wata ki kwatanta.

Watan azumi dama ce babba, tunda yana yin sama da awa 13 bai sha ba. Matsalar ita ce kara uku ko huɗu da ake jerawa da an sha ruwa. In zai yi amfani da watan, shirin na bayan magariba ne: daga buɗa-baki a wuce masallaci, cingam a aljihu, kuma kada a zauna a majalisar da ake busawa.

Idan ya zame ya sha kara ɗaya a wajen biki, kada ki yi masa gori, kada kuma ya cire filastar. Ku zauna ku gano ƙarfe nawa ne, a ina, da wa yake tare, sannan ku shirya abin da zai yi ranar da zai sake haɗuwa da mutumin nan.